Yadda Za Ka Auri 'Yar Kafinta da Minshari

Kai mai son 'yar kafinta a nan Rio, bi matakan nan, na rantse ba sa ba da kunya. Da su na auri Zuleide, 'yar Seu Aderbal, mai yin kujerun fatar nan na zamani masu zurfin ciki da gajerun ƙafafu.

1. Manta da yarinyar

Kana shiga gidan, ko kallonta kada ka yi. Durƙusa ka shafa hannun kujerar falo ka ce, "Kai! Jakaranda ne wannan? Ko ƙusa ɗaya babu?" Ko ba ka iya bambanta katako da rake ba, faɗa kawai. Tsohon ya san 'yarsa kyakkyawa ce. Kujerar ce yake son a yaba.

2. Ci wake

Je ranar Asabar, lokacin da uwar yarinyar, Dona Iracema, ke dafa baƙin wake da nama. Yi ƙari sau biyu. Kofi kuwa ƙi shi, ko za ta ɓata rai.

3. Kada ka ɗosana

A nan abokin takarata Valdemar ya kife, lauya guda da farar kwat. Wai shi mai ladabi, ya ɗosana a bakin kujera, baya a miƙe kamar mai jiran allura. Seu Aderbal ya ce, "Lauya, wata huɗu na yi ina fama da fatar nan. Cizo take yi?" Ba a sake ganin Valdemar a layin ba.

4. Saki jiki

Faɗa ciki gaba ɗaya, har gwiwa ta taɓa haɓa. Jawabin neman auren da ka haddace, bar shi. Ni dai na kai "Seu Aderbal, na zo ne..." sai fatar ta rungume ni. Na farka da yamma, yawu har kafaɗa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsohon kuwa hawaye yake sharewa.

"Iracema, kin ji minsharin nan? Yaron nan ya san aiki! A ba shi ita."

"Yarinyar ko kujerar?"

"Duka!"

Zuleide ta ce ta yarda, amma in fara goge bakina.

Gargaɗi

Abin da ya biyo baya babu ruwana, kada wanda ya zo ƙofata da ƙorafi. Shekara goma sha ɗaya ke nan kujerar tana falona. Kullum bayan abincin rana Seu Aderbal yakan zo, wai duba ɗinkin fata. Wannan ma a zaune kan akwatin lemo nake rubuta maka, a hankali, don kada in tashe shi.