Ranar da Farfesa Ya Sauka Ƙaramin Aji

"Ni fa, duk wani ɗan damben ƙaramin aji da ke duniyar nan, naushi ɗaya ya ishe shi. Na biyun sai dai in ajiye wa magadansa!"

Abokina, mai wannan cika baki mai gyaran sikeli ne, ana ce masa Farfesa, shi ya raɗa wa kansa. Bai taɓa sa safar dambe ba, amma tarihin boksin a bakinsa kamar shi ya yi masa wankan jego. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da kujerar da ke ƙarƙashin fanka a shagon Mai Aski, daga nan yake yanke wa zamunna hukunci, tumbinsa na gaba yana gyaɗa masa kai.

"Zamani uku ne kacal a tarihin boksin," in ji shi. "Masu nauyi na shekarun saba'in, waɗanda in suka kai naushi sai hoton talabijin ya karkace. Sai matsakaita na shekarun tamanin, su ma ba laifi. Na uku kuwa nawa ne, da ban samu dama ba."

Tela, wani siriri da iska mai ƙarfi kan sa shi riƙe ƙofa, ya ce, "Farfesa, ka ji tsoron Allah. Ina ka bar ƙananan aji? Kafin ƙatonka ya ɗaga hannu, sun zuba masa shida sun koma kusurwa sun sha ruwa."

"'Yan tsaki! Wannan ai susa ce, ba dambe ba."

Ashe mutumin da ake wa aski, fuska duk kumfa, Kocin gidan motsa jiki ne na bayan kasuwa. Ya ɗago ya ce, "Ta kwana gidan sauƙi. Asabar ta sama muna da wasan sada zumunta na magidanta, turmi uku, kowa da ajinsa. Ƙaramin aji daga kilo sittin ne zuwa saba'in. Ka shigo ka nuna mana."

"Ni na shiga," in ji Tela. "Kilona sittin da uku. In ka kayar da ɗan ƙaramin aji, na daina musu. In an kayar da kai, ka tashi daga kujerar nan, kuma kada a sake jin kalmar dambe a bakinka."

Farfesa ya dubi hannuwan Tela masu kama da tsinken tsintsiya, ya buga ƙirji ya ce, "A rubuta!"

Sai da ya koma shagonsa ya hau sikeli sannan murmushin ya gudu. Kilo saba'in da tara! Wato ajinsa na saba'in zuwa tamanin ne, kuma a can Mai Walda yake, ƙanin matarsa, mutumin da ke miƙe rodi a gwiwa in ya ƙosa da neman guduma. Nauyinsu kusan ɗaya, sai dai na Mai Walda ƙarfe ne, na Farfesa kuwa shinkafa.

Dabara ta farko, ya daina cin abinci. Ya ce wa matarsa, "Maman yara, daga yau ruwa kawai, haka zakarun da suke yi." Ya jure har azahar. Da la'asar ta same shi tsaye a kicin, burodi a dama, ƙwai a hagu.

"Baban yara, wannan wane irin ruwa ne?"

"Ke ba ki san kimiyya ba. Ana yaudarar ciki ne kafin a hukunta shi."

Bayan kwana uku na yaudara, sikeli ya ce tamanin cif.

Dabara ta biyu, ya naɗe jikinsa da ledoji ya ɗora rigar sanyi, ya fita gudu da tsakar rana don gumi ya kwashe kitsen. Ƙarar ledojin ta tara masa karnukan layin gaba ɗaya. Ya yi gudun da bai taɓa yi ba, ya faɗa shagon mai lemo, ya shanye kwalba huɗu kafin numfashinsa ya dawo.

Ana saura kwana biyu, sai ga Koci da sikelin gidan motsa jiki a kafaɗa. "Farfesa, duba mana shi kafin awo. Kai kaɗai muka yarda da hannunka."

Wayyo daɗi! Koci na juya baya, gogan ya ɗauko sukudireba, ya buɗe cikin sikelin, ya murɗa kusar saiti har ya zaftare kilo goma. Ya hau, allura ta tsaya a saba'in. Ya ƙara murɗa kaɗan don ladabi, ta koma sittin da tara. Ya shafa tumbi yana cewa, "Ilimi ya fi gudu."

Ranar Asabar da hantsi zaure ya cika. Mahauta, masu hatsi, 'yan gwangwan, duk masu kawo masa gyaran sikeli sun zo kallon naushi ɗaya. Farfesa ne ya fara hawa, ya shanye ciki don ado.

"Sittin da tara!" in ji Koci. "Ƙaramin aji."

Aka ɗau tafi. Matarsa dai ta dubi tumbin, ta dubi allurar, ta kama haɓa.

Tela ya hau. "Hamsin da biyu! Kai ka faɗo ƙasa da sittin, ajinka daban."

"Hamsin da me?" Tela ya dafe ƙirji. "Jama'a, wace cuta ce ke cina ban sani ba?"

A nan ne Farfesa ya farga. Shekara ashirin yana sana'ar, ya manta sikeli ba ya da ɗan gida, duk wanda ya hau shi ƙarya ɗaya zai yi masa. Yana cikin wannan tunani katakon awo ya yi ƙara, Mai Walda ya hau.

"Sittin da bakwai! Ƙaramin aji. Farfesa, ga abokin karawarka."

Mai Walda ya washe baki. "Yaya, ashe ramewa nake yi. Yi haƙuri da ni, ka san mu 'yan tsaki ba mu da ƙarfi."

Farfesa ya matso kusa da Koci, murya ƙasa-ƙasa. "Anya sikelin nan lafiyarsa ƙalau?"

"Wa ya gyara shi?" Koci ya tambaya da ƙarfi.

Mahauta suka miƙo wuya, masu hatsi suka kasa kunne. Gaba kura, baya siyaki: in ya ce sikelin na ƙarya, sana'a ta tafi, in ya ce gaskiya yake faɗa, haƙora ne za su tafi. Farfesa ya ce, "Ni na gyara shi. Ko zinariya aka ɗora masa ba zai ci ƙwaya ba."

Aka ɗaura masa safa. Ƙararrawa ta buga. Farfesa ya fara zagaye fage da baya-baya, yana bayani: "Ku lura, wannan salon shekarun saba'in ne, ana gajiyar da abokin gaba." Da igiya ta tare shi, sai ya koma raɗa: "Ƙanina, ka tuna 'ya'yan yayarka." Mai Walda ya tuna su, shi ya sa ya yi amfani da hagu. Sau ɗaya.

Alƙalin wasa ya ƙirga goma, da ya ga dama ya kai ɗari.

Aka kira wani ɗan dako ya fitar da shi ya sha iska. Mutumin ya saɓa shi a kafaɗa, ya yi taku uku, ya tsaya cak.

"Wa ya ce wannan sittin da tara ne? Shekara talatin ina ɗaukar buhu, bayana ba ya ƙarya. Wallahi tamanin ne!"

Mahauta suka fara kallon juna. Farfesa, da ke rataye kai ƙasa, ya buɗe idon da ya rage masa, ya ga sana'arsa na shirin bin kujerarsa. Ya tattaro sauran ƙarfinsa, ta cikin leɓe kamar burodi ya ce, "Kumburi ne! Kumburin naushin ne ya ƙara min!"

Tela ya sunkuyo daidai kunnensa. "Madalla, Farfesa, yau ka rufe musu da bakinka. Naushi ɗaya na ɗan ƙaramin aji, kilo goma sha ɗaya. Faɗa min, a shekarun saba'in ɗin naka, wane ƙato ne ya taɓa yin haka?"