Sunayen da Hafizu Ya Sa a Waƙa

Jiya na tura babur ɗina tun daga gida har gidan mai na Tudun Wada, na bi layi har rana ta take, layi yana zuwa kaina yaron famfo ya rataye tiyo ya ce sai wani jiƙon. Ban yi fushi ba. Ai dama ba mai kaɗai ake samu a layin mai ba, har da ilimi, kuma jiya darasin da aka ba mu kyauta shi ne sharhi kan albam ɗin Hafizu.

Ga wanda bai san shi ba, Hafizu maƙwabcina ne a garinmu na bakin Tiga. Ya daɗe yana kaɗa jita mai lantarki a ƙungiyar wani mawaƙin biki, a tsaye can baya kusa da janareta, inda ko mai hoto ba ya kaiwa. A Riruwai ya koyo ta, wajen 'ya'yan masu haƙar kuza, irin jitar nan mai ihu. Bana ya ce ya gaji da zama ɗan rakiya, ya fita ya yi albam nasa shi kaɗai, masu shagon caji suka shiga tura wa mutane a waya.

Masana kuwa ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Alasan mai faci, wanda ke bayana a layi, ya ce: "Ni fa da na fara ji, na ɗauka injin niƙa ne ya haɗiyi tsakuwa." Na ce to me ya sa waƙar ce ƙarar wayarka? Ya ce don ba ya rasa kira.

Amma sharhin da ya fi nauyi ya fito ne daga sama. Mai Girma, Allah ya ƙara masa girma har ya rasa inda zai ajiye, yana da Babban Mashawarci kan Harkokin Tafi da Guɗa. Wannan bawan Allah ya saurari albam ɗin da irin kunnen da manya ke sauraron waƙa, wato yana jiran inda za a ambaci maigidansa. Ba a ambata ba. Maimakon haka, a waƙa ta ƙarshe jita ta yi sanyi, Hafizu ya shiga jero sunaye: Sha'aibu na gindin tsamiya, Muhuyi mai rijiya, Kulsumu mai daddawa, da wasunsu.

Duk ɗan garinmu ya san su waye waɗannan. Mutanen tsohon garinmu ne da suka rasu kafin a yi dam, aka taso da mu aka bar kaburburansu ruwa ya rufe. Ni kaina da na ji, sai da na yi kamar hayaƙi ne ya shiga idona. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. A tunanin Mashawarci, ba a kiran sunan mutum a waƙa sai in takara zai tsaya. Nan take ya yanke hukunci cewa albam ɗin ba shi da armashi, ba shi da tarbiyya, kuma 'yan adawa ne suka ɗauki nauyinsa.

Saƙo ya iso: ko Hafizu ya cire sunayen, ko kuma kada a ƙara ganin jitarsa a duk bikin da aka kafa rumfar Mai Girma. To daga Bebeji har Doguwa, wa ke aurar da 'ya ba tare da aron rumfar nan da kujerun roba masu hotonsa ba? Da kiɗan biki Hafizu ke ciyar da gida. Na same shi na ce: "Kai, je ka yi musu bayani mana." Ya ce: "Baba, ni ba zan je in nemi izinin kiran sunayen kakannina ba."

Da yake gwamnati ba ta wasa da al'amuran al'ada, sai aka kafa kwamitin gano ko wane ne Sha'aibu, da wace jam'iyya yake, da kuma buhu nawa na taki zai ishe shi ya janye. Ranar Talata suka iso cikin manyan motoci, an bar injinansu a kunne saboda sanyin ciki. Aka yi addu'a, aka ci kifi, aka ɗauki hoto. Sannan Mashawarci ya ce a kai shi gidan Alhaji Sha'aibu.

Iya Balaraba, kakar Hafizu, ita ta ce za ta kai su. Ta ɗauki sandarta, manya suka bi ta suna tattare manyan riguna saboda taɓo, har inda masunta ke ɗaure kwalekwale. Ta miƙa sanda tsakiyar ruwa.

"Ga shi can, ɗan nan. Dama da shi Muhuyi ne, Kulsumu na daga gabas. Sha'aibu babana ne. Ina amarya muka binne shi. Ban ƙara jin wani ya kira sunansa da ƙarfi ba sai da yaron nan ya yi."

Na ce a raina yau kam kunya za ta kama wani. Mashawarci ya juya wajen wani na kusa da shi, suka yi ƙus-ƙus, sai na ga fuskarsa ta washe.

"Hajiya, ai da kun faɗa tun farko! Sha'aibu, Muhuyi, Kulsumu, na akwatin zaɓen bakin ruwa? Ai namu ne. Ba a taɓa yin zaɓen da suka ƙi fitowa ba. Yaro, bar waƙarka yadda take, mutanen Mai Girma ka wasa."

Haka albam ɗin Hafizu ya tashi daga marar tarbiyya ya koma abin koyi ga matasa. An ɗage takunkumi, har an ce a babban taro mai zuwa da waƙar za a buɗe. Hafizu ya tsira da sana'arsa, amma tun ranar ban ji jitarsa ta katanga ba. Iya Balaraba kuwa abu ɗaya ta tambaye ni a hanyar komawa: "Shin Babana wa yake zaɓa?"

Ni dai na yi wa iyalina wasiyya: ranar da ta Allah ta kasance, a fara ɓoye katin zaɓena kafin a aika neman likkafani. Mutum ya gama wahalar duniya, ai ya kamata a bar shi ya huta da zaɓen mutanen kirki.