Sulken Kakan Osbert

A duk ƙasar Ingila ba a haifi jarumi irin maigidanmu Osbert na Wendelby ba. Tun yana cikin tsumma na san shi, ban taɓa jin an ci shi da yaƙi ba. Bai taɓa zuwa ba. Tumaki ne rundunarsa, shi ya sa mu matan gari muke kiransa Zakin Garke, in ya juya baya.

Asali kuwa, ko ba ka tambaya ba za ka ji. "Kakan kakana a jirgi ɗaya ya ƙetaro teku da sarki," in ji shi. Bara dai a jirgin baya yake, bana ne ya matso.

Da furfura ta kama shi, ya ce a sassaƙa siffarsa da dutse a ɗora kan kabarinsa cikin coci, yana kwance da kayan yaƙi, yadda ake wa manya. Ya gayyato masu filaye na maƙwabta su ga sulken kakansa a jikinsa, don a rufe bakin masu cewa jiya-jiya gidan ya yi arziki.

Aka shafa kitse, aka tura, aka danna, tumbi ya shiga. Kwalkwali ma ya shiga. Ya miƙe kan tebur, masassaƙi na zane.

"Ku duba da kyau," ya ce daga cikin ƙarfe. "Kamar a jikina aka ƙera shi!"

Da aka shigo da gasasshen rago, kwalkwali ya ƙi fita. Aka ja, kunnuwa suka ce ba da su ba. Uwargida Amice ta aika a kira Hob maƙeri.

Hob ya ƙwanƙwasa kwalkwalin kamar mai zaɓen tukunya, ya ajiye guduma.

"Wa ke ciki?"

"Ubangidanka ne, jaki! Cire!"

"A'a, ranka ya daɗe. Kan manya ya fi ƙarfin gudumata. Na 'yan'uwa kaɗai nake taɓawa."

Duk gari mun san uban Osbert da uban Hob ciki ɗaya suka fito, a bukkar mai askin tumaki. Baƙin ne kawai ba su sani ba. Ƙamshin nama na shiga ta hujin kwalkwali. Zaki ya daure, ya daure, har ya ji ana yankar cinya.

"Hob..."

"Ban ji ba."

"Ɗan baffa, don Allah!"

Bugu kaɗan, kwalkwali ya fita. Hob ya goge hannu a riga, ya ja kujera tsakanin manyan baƙi ya zauna, ya ce a miƙo masa ɗaya cinyar, ai abincin gida ne.