Wa Ya Girgiza Bishiyar Hukuma?

Ranar Talata na rufe shagona, na sa kwat ɗin da nake zuwa biki da jana'iza da shi, na tafi kotu da wando mai kari biyu. Ni da na shekara talatin da ɗaya ina yi wa mutane guga! Amma tun da takardar kotu ta iso gidanmu ban sake samun natsuwa ba. Matata ce ta fara buɗe ta, ta tare ni a bakin ƙofa.

"Baban Hye-rim, me ka aikata?"

"Ni? Me kuwa zan aikata?"

"To zufar mene ne wannan?"

Ashe ba tuhumata ake yi ba. Ƙuri'a aka jefa, sunana ya fito cikin talakawa bakwai da za su saurari wata shari'a su faɗi abin da suka gani. Maƙwabcina Gil Deok-bae, mai gyaran keke, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai za ka yi wa mutum hukunci? Kai da ko miyar da za ka ci sai an zaɓar maka?"

Wadda ake tuhuma wata tsohuwa ce, Iya Pyo Mal-sun, shekararta saba'in da shida, tsawonta bai wuce teburin gugata da yawa ba. Laifinta kuwa satar dukiyar hukuma: 'ya'yan ginko, cikin leda ɗaya.

Kun dai san bishiyoyin ginko da aka jera mana a bakin titi. Da watan goma ya kama sai su fara zubar da 'ya'ya masu warin amai, ka taka ɗaya, direban bas ya yi ta harararka har ka sauka. Ƙwallon cikin ne mai daɗi in an gasa. Kowace shekara manyanmu, Allah ya ƙara musu basira, sai sun kafa kwamiti a kan warin nan. An ɗaura wa bishiyoyi raga kamar lema a kife. An sayo injin da ya yi aiki sati guda. Har ƙasar waje wata tawaga ta je don ta ga yadda 'ya'yan itacen wasu suke faɗowa. Amma da tsohuwa ta kwashe musu warin kyauta, sai ya zama dukiya.

Yadda aka yi mana bayani shi ne: wanda ya tsinci abin da ya faɗo da kansa, ana iya kau da kai. Wanda ya girgiza bishiya kuwa ɓarawo ne. Tun farko an ce Iya ta biya 'yar tara a wuce wurin, ta ce allambaran. Da alƙali ya tambaye ta dalili, sai ta miƙe tana dafe da ƙugu.

"Ranka ya daɗe, takardar cewa ta yi na yi sata. Na binne miji, na aurar da 'ya'ya huɗu, ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Tsohon nan yana can lahira yana jirana. Da wane ido zan dube shi?"

Lauyan gwamnati, wanda na yaba wa mai yi masa guga, ya kunna mana hoton da na'urar kan titi ta ɗauka. Ga Iya da safe, ta juya wa bishiya baya, ta ja da baya ta buge ta, dum! Ta sake, dum! Sau arba'in da biyu, shi da kansa ya ƙirga mana. 'Ya'yan ginko suka yi ta zuba, ta zaro baƙar leda daga aljihu ta duƙa. Ya maimaita mana hoton a hankali sau uku, kamar ƙwallon da aka ci a minti na ƙarshe.

Sai aka kira shaida, Mai Girma Mataimakin Mai Kula da Inuwar Unguwa, ya zo da ledar da aka ƙulle tun bara. Ya kwance ta gaban kowa don a tabbatar da ɓarnar da aka yi wa al'umma. An kuwa tabbatar. Alƙalai uku suka rufe hanci da hannun riga, aka ɗaga zama na minti ashirin, aka buɗe tagogi.

An ja mana kunne kada mu faɗa wa kowa abin da ya gudana a ɗakin shawara, shi ya sa ku kaɗai zan faɗa wa. Ba a kiranmu da suna, lamba aka ba mu. Muna zama sai ga matsala, ba wanda ya san wa zai fara magana, ko wa za a fara zuba wa ruwa. Dole aka bi layi kowa ya faɗi shekara da watan haihuwarsa. Na girmi Lamba Biyu, wata mai sayar da kifi, da wata huɗu kacal, ta yi tsaki ta ba ni shugabanci. Nan take mutum biyar suka ce duk abin da dattijo ya gani shi ne.

Ni dattijon kuwa ina da nawa kashin a gindi. Kullum safiya nakan hau dutsen bayan unguwarmu in buga bayana a bishiya sau hamsin don maganin ciwon baya, kamar yadda duk mai hankalin da ya wuce sittin yake yi. Abin da ke cikin firjinmu kuma ba zan yi maganarsa a jarida ba.

Lamba Shida ne bai yarda ba, wani ma'aikacin kamfani ɗan shekara talatin da wani abu, mai wuya a sanƙare. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi. "Ku gafarce ni, iyayena, amma ledar fa? Mai motsa jiki me zai yi da leda? Da shirinta ta fito."

Mai kifi ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, mahaifiyarka tana da rai?"

"Tana nan lafiya, Inna."

"Ka taɓa ganin ta taka ƙofar gida ba leda a aljihu?" Ta buga tebur. "Duk wanda ya haura hamsin a nan, ya zazzage aljihunsa!"

Leda biyar suka fito a kan teburin kotu, kowace a naɗe tsaf. Biyu daga cikin kwat ɗina.

"To, na ji," in ji shi. "Amma buga bishiya sau arba'in da biyu? Ni da ina ganin tsofaffi suna yi, na ɗauka ƙaiƙayi ne."

"Ƙaiƙayin gidanku! Shugaba, tashi ka nuna masa."

Na tuɓe kwat, na juya wa bango baya, na buɗe ƙafa. Dum! Dum! A na bakwai agogon bangon ya fice daga ƙusarsa ya faɗo ƙasa. Mai gadi ya leƙo a firgice, muka ce masa shawara muke yi.

Na ce, "To, Lamba Shida, satar agogo na zo yi ko gyaran baya?"

"Amma Baba, kai ba ka sa shi a leda ba."

Mai kifi ta ce, "Da yana wari, mutane suna takawa, sai ka ce ya bar shi a ƙasa?"

Ya dubi bangon. Can sai ya tashi, ya cire tabarau, ya gwada sau ɗaya a hankali. Ya ƙara da ƙarfi. Wani abu ya yi ƙaras a wuyansa, ya juya kai dama da hagu, karo na farko tun safe. Ya dawo ya zauna. Muka kaɗa ƙuri'a, bakwai ba ko ɗaya: Iya ba ta da laifi.

Babban alƙali ya gode mana, ya kuma tuna mana cewa namu shawara ce kawai, ba dole a bi ba. Wato an rufe mini shago yini guda don in yi abin da nake yi a gida kullum. Amma a wannan karon an bi. Iya ba ta ji da kyau ba, sai da lauyanta ya maimaita mata a kunne. Ta sunkuya mana har goshinta ya kusa taɓa katako, ta ce, "A rubuta mini a takarda, da hatimi." Ba zan ɓoye muku ba, idona ya kawo ruwa, na ji ina son ƙasar nan.

Son bai cika kwana goma ba. Deok-bae ya leƙo shago ya ce, "Alƙali, je ka ga aikinka." Na hau kekensa na je titin. An sare bishiyar. Kusa da kututturen an kafa allo mai kyau, an rubuta cewa mataki ne na hana sake aukuwar irin wannan lamari. Motoci uku aka ce sun zo, da mai ɗaukar hoto.

Iya Pyo tana zaune a kan kututturen, ta ɗora hannu a inda zarto ya bi. Ta gane ni.

"Kai ne mai wando kari biyu."

"Ni ne, Iya. Sannu."

"Shekara ashirin tana riƙe mini baya," ta ce. "Ni an wanke ni. Ita ba ta samu mutum bakwai ba."

Na tura keke na dawo a ƙasa.

Don haka, 'yan'uwana masu ciwon baya, ku bar bishiyoyi su huta, kada ku ja musu. Ku je ku buga a katangar ofishin manya. Ƙarfinta ya isa, kuma ba mai kama ku, don tun da nake ban taɓa ganin wani abu ya faɗo wa talaka daga can ba.