Hannun Kujerar Marigayi

"...gajiya kam ta bi lafiya, Maigida. Zama ne dai ya gagara a gidan nan."

Da haka Kaka ta amsa gaisuwar jikanta, tana zaune a kan darduma a tsakiyar falo, ga sababbin kujeru sun kewaye ta ba kowa a kai. Maigida take ce masa tun yana cikin zanen goyo, don sunan mijinta marigayi ya ci, ita kuwa bakinta bai taɓa furta sunan nan ba. Sana'ar jikan nata ƙawata ɗakuna. Sati biyun da ta yi a asibiti ana mata aikin ido, sai ya ga dama ta samu, ya kwashe kayan falonta ya zuba na yayin bana: kujeru masu lanƙwasa kalar ƙasa, gajeru ba hannu, da zagayayyen madubi, da tulun busassun furanni. Cikin abin da ya kwashe har da kujerar katakon kakansa, ya ba wani kafinta kyauta. Kwana uku ke nan da dawowarta ba ta ce komai a kai ba, shirun nan kuwa ya fi faɗa damunsa. Yau ya shigo da wani abu naɗe cikin buhu ya jingine bayan ƙofa.

"Amarya, ke fa ba ki san gata ba. Waɗannan su ake yayi bana."

"Au, kujeru ne? Na ɗauka burodi ne ya kumbura. Jiya na zauna, sai da maƙwabciya ta zo ta ciro ni kamar guga."

"Tsufa ne, kada ki ɗora wa kujera."

"Tsufa? Ni da nake shirin rabuwa da kai in auri saurayi?"

"Wa zai kwashe ki da haƙori huɗu?"

"Biyar ne, mai ƙaton kai. Ka ƙirga da kyau."

Ta nuna madubin da sanda, ta ce an sha wahala an buɗe mata ido, abin da ta fara gani wata tsohuwa ce a bango tana hararar ta. Ya ce ai ita ce amaryar tasa, shi ma haƙuri yake yi da ita. Ta juya kan furannin, ta ce ciyawar da take sawa a share daga tsakar gida ita ya ɗauko ya yi wa mazauni a tulu, saura ya kawo akuya. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don ya ga idonta ya koma kusurwar da ke kusa da taga.

"Ina kujerar malam?"

Ya sosa ƙeya. Amsar da ya yi kwana uku yana shiryawa ya jawo.

"Ke fa kika ce ta ishe ki. Kullum mummunar kujera, mai cin zani, da za a samu mai ƙona ta da kin huta. Da kunnena na ji."

"Ka ji. To kai me nake ce maka?"

"Mai ƙaton kai. Rago. Mummuna."

"Shekara nawa?"

"Talatin da biyu."

"Na ba da kai ga kafinta?"

Kunya ta kama shi, nadama ta biyo baya. A duk zuriyar nan shi ne bai kamata ya yi wannan kuskuren ba, shi da ya tashi yana shan zaginta ya san ƙauna ce. Ya iya karanta abin da baƙi suke so a ɗakunansu, ya kasa karanta kakarsa.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a kan kujerar nan malam yake zama bayan la'asar da rediyonsa, tana tsokanarsa yana ramawa, shekara arba'in da ɗoriya. Da ya rasu ta rasa wanda za ta tsokana a kusurwar, sai ta koma kan kujerar. Kuma hannun kujerar take dafawa in za ta miƙe.

Maigida ya tashi ya ɗauko buhun. Ya gaya mata gaskiya: jiya ya je wurin kafintan, ya tarar an riga an farfasa ta. Ƙafafun sun shiga benci, bayan ya tafi murhu. Hannun dama kaɗai ya tsinto cikin tarkacen katako.

Ta karɓa ta ɗora a cinya. Yatsunta suka bi katakon har suka faɗa ɗan ramin da babban yatsan marigayi ya ci a bakinsa, suka tsaya a nan.

Sai ya fita wurin motarsa ya ɗauko kayan aikinsa. Ya jawo ɗaya daga cikin sababbin kujerun zuwa kusa da taga, ya huda bangon da shi da kansa ya shafe da sabon fenti, ya ɗaure hannun da ƙusoshi huɗu daidai inda za ta kai. Ko kusa bai dace da kayan ɗakin ba, ya kuma san haka.

Kaka ta zauna, burodin ya haɗiye ta. Ta miƙa hannu ta kama katakon, babban yatsanta ya sami ramin, ta yunƙura ta miƙe tsaye ita kaɗai.

"Mummunan katako," in ji ta. "Dubi yadda ya ɓata bango."

"In cire?"

"Taɓa ka gani."

Ya yi dariya yana goge ido da hannun riga.

"Na sallama, amarya. Wannan karon na ji da kyau."