Littafin da Aka Yi wa Baftisma a Ruwan Kabeji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da bai gama bushewa ba, Pyo Hye-ran ta unguwar bakin teku a Gunsan, a madadin iyalinta, tana sanar da 'yan'uwa cikin Ubangiji, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa kwana a gidansu yana yaro, rasuwar tsohon littafinsu na labarai da addu'o'in barci, mai koren bango, wanda aka fi sani da suna Kore. Ya rasu ranar Asabar ɗin da aka yi aikin kimci, wato kabejin da ake tsumawa da gishiri da yaji, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara arba'in da 'yan kai.

Marigayin ya shigo gidan ne a cikin jakar cefanen Mama Eom Sun-deok, mahaifiyar Hye-ran, a maƙale tsakanin busasshen kifi da albasa, kuma har ya bar duniya ƙamshin kifin bai sake shi ba. A lokacin mahaifin yaran yana can teku a jirgin kamun kifi, sai ya yi makonni bai dawo ba, Hye-ran kuwa ba ta iya barci in iska na kaɗa taga. Kore ne ya ɗauki wannan aiki. Da an shimfiɗa katifa a ƙasa, Mama za ta zauna, ta buɗe shi, ya yi kukansa na tsohuwar ƙofa, ƙiiir, ta lashi yatsa ta juya shafi. In ta rufe shi, fab, to amin ke nan, ko tari ba a yarda a yi ba.

Duk wanda ya zauna da shi ya shaida haƙurinsa. Dong-su, wan Hye-ran, ya cinye masa kunnen zakin da ke wani shafi tun yana ƙarami, ya girma ya zana wa mala'ikan shafin tsakiya gashin baki, marigayin bai taɓa kai ƙara ba. Ya yi aikin murfin kwanon taliya. Ya yi aikin fifita a lokacin zafi. An sha aikensa da saƙon gaggawa zuwa ƙeyar Dong-su, kuma bai taɓa ɓatan hanya ba.

Iyali ba za su ɓoye cewa marigayin yana da hali guda da aka sha magana a kai ba: yakan faɗi abin da ba a rubuta a cikinsa ba. Sai da Hye-ran ta shiga makaranta ta iya haɗa baƙi, ta bi shi shafi-shafi, ba ta ga inda aka ce almajiran Yesu a Gunsan suke sayar da kifinsu ba, ba ta kuma ga wurin da mala'iku ke kuka saboda yarinyar da ta bar shinkafa a kwano ba.

"Mama, ina wurin da aka ce Yesu ba ya son mai murguɗa baki?"

"Yana nan ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. Idonki bai kai ba tukuna. Rufe shi ki yi barci."

Ya yi ritaya a saman akwatin barguna na tsawon shekaru, har aka sake kiransa bakin aiki lokacin da Mama ta dawo zama gidan Hye-ran. A lokacin mantuwa ta fara cin ta. Takan sa takalmi a firij. Takan tambayi Seol Jin-ho, mijin Hye-ran, ko shi ne mai gyaran famfo. Hye-ran kanta, wata rana ƙanwar Mama ce da ta rasu tuntuni, wata rana kuma "baiwar Allah". Amma da yamma, in jikarta Da-on, 'yar shekara huɗu, ta ɗora mata Kore a cinya, sai tsohuwa ta gyara zama, muryarta ta dawo yadda take a da, ba ta tsallake ko kalma. Hye-ran takan bar wanke-wanke ta zo ta laɓe a bakin ƙofa. A duk yini, nan ne kaɗai take samun uwarta.

Game da ciwon ajali: ranar Lahadi an yi wa jarirai baftisma a coci, Da-on na kallo baki buɗe. A hanyar gida ta tambayi babanta ko an taɓa yi wa Kore. Jin-ho, idonsa na kan waya, ya ce a'a. Iyali sun yafe masa, amma ba su manta ba.

Ranar Asabar aka cika babban baho da ruwan gishiri, aka jiƙa kabeji a tsakar gida. Sai da Hye-ran ta zo juya kabejin ta ga wani koren abu a ƙasa wanda ba ganye ba ne. Ta tsamo shi yana ɗiga. Da-on na tsaye a gefe, hannun rigarta a jiƙe har kafaɗa, fuska cike da farin ciki.

"Umma, na yi masa baftisma. Yanzu shi ma zai shiga sama."

Jin-ho ya leƙo ya ce, "Ke 'yar Baba, mu fa a cocinmu yayyafawa ake yi. Wa ya koya miki nutsarwa?"

Kallo ɗaya Hye-ran ta yi masa, ya koma dakan tafarnuwa.

An yi iya ƙoƙari. An hura masa na'urar busar da gashi. An kwantar da shi a wurin da ya fi ɗumi a daɓen ɗaki, an danne shi da buhun shinkafa. Washegari aka ɗaga buhun, shafukan sun manne sun zama curi ɗaya, tumaki sun narke cikin makiyayi, bangon kuma ya rabu da gangar jiki. Da aka kira Dong-su a waya, sai ya ce, "To ki sayi wani mana. Littafi ne fa, ba mutum ba." Hye-ran ta ce, "Yaya, kai da ka ci kunnensa ba ka da bakin magana," ta kashe wayar.

Ta dai sayo sabo, mai sheƙi, har da maɓallin da ke rera waƙa. Da yamma Da-on ta ɗora wa kakarta a cinya. Mama ta juya shi gaba da baya, ta miƙa wa Hye-ran da hannu biyu, cikin ladabi irin na baƙo.

"Baiwar Allah, wani ya manta kayansa. Ki mayar masa."

Hye-ran ta shige kicin ta buɗe famfo don kada a ji kukanta. Ta so ta yi wa Da-on faɗa, amma me za ta ce wa yarinyar da ta yi don ceton rai? Haka yammaci ya riƙa zuwa yana wucewa shiru. Mama na zaune tana kallon bango, Da-on na juyi a katifa.

Ran nan sai yarinyar ta tashi, ta je inda aka shanya gawar a kan jarida, ta ɗauko bangon shi kaɗai, ta kai wa kakarta. Hye-ran ta taho da sauri za ta karɓe, don kada tsohuwa ta buɗe ta tarar da wayam. Ba ta kai ba. Mama ta buɗe. Babu ko takarda ɗaya a ciki. Ta lashi yatsa, ta juya iska, ta fara daga labarin ɗan ragon da ya ɓata, ta bi da shi ta kasuwar kifi, ta tsaya ta yi wa masu barin shinkafa a kwano gargaɗi. Sannan ta ɗago kai ta dubi ƙofa.

"Hye-ran, me kike yi a nan tsaye? Ko ki shigo ki kwanta, ko ki rufe mana ƙofa, sanyi na shigowa."

Hye-ran ta shiga ta kwanta, da safar wanke-wanke a hannunta.

Marigayin ya bar Mama Eom, abokiyar aikinsa. Da 'ya'ya biyu da ya raina, ɗaya a cikinsu mai butulci. Da jika ɗaya, wadda ta tsaya a kan cewa ita aikin Ubangiji ta yi. Da sabon littafi mai waƙa, wanda har yanzu ba a san dangantakarsa da gidan ba.

Za a binne shafukan ranar Lahadi bayan sujada, a gindin kanyar da ke bayan gida. Fasto ya ce bai taɓa ganin tsarin irin wannan jana'iza ba, amma zai zo tunda akwai dafaffen naman alade da sabon kimci. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su kawo furanni, kada kuma su tambayi daga wane baho kabejin ya fito. Iyali na ba da haƙuri cewa ba za a binne bangon ba, kuma a daure a watse kafin faɗuwar rana, domin yana da aiki da yamma.