Furen Kuɓewar Inna

Kwana uku kacal na yi a Kwatano wajen sarin atamfa, na dawo Gaya ina jin na waye. A otel na ga fure cikin kwalba, na ce ɗakina ma ya cancanta. Damina ce, lambun Inna, uwar mijina, ya yi shar. Na ɗauki almakashi na bi furanni masu ruwan ɗorawa, ban bar ko ɗaya ba, na jera su cikin kwalba da ruwa. Har kiranta na yi ta ga gwaninta.

Ta daɗe tana kallon kwalbar. Mijina ya sulale waje.

"Ƴar nan, kuɓewata ce kika jiƙa?"

Har yau, in an yi miyar kuɓewa, sai Inna ta ce, "A zuba wa kowa. Ita ta ci tata tun tana fure."